Guzurin Hawan Dutse

Shekarar da aka kawo ni unguwar Bolewa ina amarya, Turawa na nan daram, kuma ban san kowa a Potiskum ba sai yayana da ke sayen gyaɗa a Yerimaram. Mu mutanen Kano ne, fatauci ya kawo mu. Mijina manomi ne, amma uwarsa ce mai faɗa a ji a gidan. Inna muke ce mata.

A kan wani dutse aka haife ta, can kudu wajen Fika. Tana budurwa aka sauko da mutanen garinsu ƙasa, daga baya En'e ta mai da wurin gandun daji, ba sara, ba farauta, ba shiga sai da izinin malamin daji. Tun saukowarta ba ta koma ba.

Ana gama girbi sai na ji ta ce bana kam za ta hau dutse. Nan da nan gida ya ɗauka. Aka soya aya, aka daka dakuwa, aka yi ƙuli-ƙuli. Da hantsi mu zauna a inuwar rumbu tana tsara hanya: ƙauyen da za a kwana, rafin da za a tsallake, inda jaki zai tsaya mutum ya ci gaba da ƙafa. Ta ce akwai ruwa a kogo mai sanyin kashe haƙori, da birai masu satar gero a gaban idonka, da wata tsamiya da uwarta ke sussuka a gindinta. In Hausa ta ƙare mata sai ta ƙarasa da yarensu, ƙannen mijina su yi ta dariya. Har gardama ake kan wanda zai riƙe mata gora. Mijina kullum ya ce to, sai dai jakin ne yake ɗingishi.

Ni kuwa abin ya tsaya min a rai. Tsohuwa gwiwa ta fara ciwo, a ce jaki zai hana ta ganin garinsu? Ga shi ina neman hanyar da zan shiga ranta, ta san ba tuƙa tuwo kaɗai na iya ba. Ranar da yayana ya zo duba ni na roƙe shi. Shi kuma ba ya wasa da abu. Kafin kasuwa ta zagayo ya samo mata wuri a gaban motar gyaɗa, ya ga malamin daji, har an yi alkawarin ɗan rakiya.

Na durƙusa a gaban kowa na yi mata albishir. Mijina ya hau gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. Ƙanwarsa ce ta ja ni madafa ta gaya min haka ake yi duk shekara tun ba a haife ta ba: a yi guzuri, a tsara hanya, jaki ya yi ɗingishi, a zauna a cinye. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, na ɓata wa tsohuwa, zaman gidan nan zai yi min wuya.

Bayan la'asar Inna ta aiko in je ɗakinta. Ƙwaryar dakuwa na gabanta.

"'Yar Kano, yayanki ya kyauta, Allah ya saka masa," in ji ta. "Amma ki ji. Yanzu in na rufe ido, uwata na nan gindin tsamiya tana sussuka, hayaƙi na tashi a gidanmu. In motar nan ta kai ni, wa zan tarar? Birai."

Ta gutsuro dakuwa ta sa min a hannu, ta ce dakan da na yi ya fi na 'ya'yanta laushi, baɗi ni zan riƙe gora. Sannan ta ce in gaya wa yayana jakin bai warke ba.

Na ce, "Ai mota ce, Inna."

"Ke dai gaya masa."

Muka cinye guzurin nan tas, ni har da ƙari. Washegari jakin ya tafi ɗaukar kara, lafiyarsa ƙalau.

Shekaru da dama muka yi tare muna shirin dutse, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba. Shekarar da ta rasu, ana gama girbi na soya aya ban yi shawara da kowa ba. Jikokinta suka kewaye ni a inuwar rumbu, na soma tsara musu hanya daga ƙauyen da za a kwana. Har yau ban ga dutsen nan ba, amma na san hanyarsa fiye da hanyar Kano.