Zakaran da Ya Kai Ni Kaduna

A 1989 aka ɗauke ni aikin buga tafireta a wani ofishi a Kafanchan. Na zo daga ƙauyenmu kusa da Nok da akwatin ƙarfe ɗaya da girman kai wanda ya fi akwatin nauyi. Ni na yi ta ɗaya a makarantar koyon tafireta, kuma ban bar kowa ya manta ba.

A ɗakinmu akwai Madam, shugabar masu buga takardu, mace mai ƙiba da tabarau a bakin hanci. Akwai Hajiya, 'yar gidan 'yan kasuwar garin, wadda ta yi shekara goma sha biyu a kan kujera ɗaya. Sai Baba masinja, dattijon Bafulatani mai keke. Kowace shekara ana tura mutum ɗaya kwas na wata shida a Kaduna, in ya dawo ya zama sakatare. Madam ce ke ba da suna. Tun ranar da na ji haka na sa wa kwas ɗin nan ido, ko a coci shi nake roƙo.

Suna da wata al'ada. Ƙarfe goma na yi sai a rufe tafireta, a jawo benci, a ajiye tire ɗaya a tsakiya. Kowa da ranarsa ta kawo abinci. Hajiya ta kawo masa, Madam ta kawo dafa-duka, Baba ya kawo fura da nono a ƙwarya, a ci ana hira ana ƙyaƙyata dariya. Ni a ganina ɓata lokaci ne kawai. In sun kira ni sai in ce na ƙoshi, in ci gaba da ƙwanƙwasa tafireta da ƙarfi don Madam ta ji wace ce mai ƙwazo. Alhali yunwa kamar ta kashe ni! Ƙamshin masar Hajiya na shiga hancina, cikina na ƙugi, wuyana ya sage, kullum da ciwon kai nake tashi daga aiki.

Wata biyar ina wannan wauta. Da lokacin ba da suna ya matso, Madam ba ta ce mini uffan ba. Raina ya ɓaci, na same ta na zazzage mata komai: na fi kowa sauri, ba na kuskure, ko hutu ba na yi. Ta bar ni na gama, ta cire tabarau.

"'Yata, kin taɓa sa hannu a tiren nan?"

Na ce me ya haɗa tire da kwas. Sai ta zaunar da ni ta ba ni labari. Bayan rikicin addinin da aka yi a garin shekara biyu baya, mutanen ɗakin nan sun yi watanni ba sa kallon idon juna. Ita ta sayo tiren, ta ce duk mai aiki a ƙarƙashinta sai ya ci na ɗan'uwansa. Ta ce Hajiya ta tambaye ta har sau biyu ko ƙyamar abincinta nake yi. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko a mafarki wannan bai zo mini ba.

Ran Asabar na tafi gida na kama babban zakaran mamata, na auno acca. Madam ta riga ta gaya mini cewa in dai da nama, a bar wa Baba ya yanka don kowa ya ci hankali kwance. To ni da zumuɗi, maimakon in kai masa gida, sai na taho da zakaran ofis ran Litinin da rai da lafiyarsa, na ɗaure shi a ƙafar teburina.

Igiyar ba ta yi minti goma ba ta kwance. Zakara ya tashi sama, ya sauka kan tafiretar Madam, ya yi cara, ya watsa takardun kabon ko'ina. Madam na ihu a kama mata shi. Baba ya bi shi da hula a hannu yana yi masa faɗa da Fulatanci, ni na bi ta ƙarƙashin tebur da siket ɗina mai guga. Hajiya ce ta jefa masa gyalenta ta danne shi, tana dariya har da hawaye, ta ce ashe 'yar boko ta iya rarrafe.

Baba ya yanka shi a bayan ofis. Da yamma Hajiya ta ja ni gidansu muka gyara shi tare, washegari na kawo tuwon acca da miyar karkashi. Na zauna a benci a karo na farko. Baba ya ce gishiri ya yi yawa, amma shi ya suɗe kwanon. Na ci, na yi dariya, na koma kan tafireta da kai wasai. Na ji daɗi ƙwarai a ranar, daɗin da ban taɓa ji ba tun zuwana garin.

Bayan sati biyu Madam ta miƙo mini wasiƙar kwas ta ce in buga. Sunana ne a ciki. Na durƙusa zan yi mata godiya, ta ce in tashi, ba ita ba ce. A ƙa'ida gurbin na Hajiya ne, shekara uku tana jiran layi ya zo kanta. Tun kafin maganar zakara, tun ina ƙin masarta, Hajiya ta je ta sami Madam ta ce a ba yarinyar.

Na juya wajen Hajiya. Tana ta buga takardarta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Idona ya gaji, ƙanwata," ta ce. "Ki je ki karanto mana. Amma don Allah, a can ki riƙa cin abinci."