Koren Biron Yaya Garba

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba, malamin lissafi a Bakura. Abokan aikinsa sun sha yi masa dariya don da biro biyu yake duba jarrabawa. Ja na yaron da ya kasa lissafin ne. Kore kuwa na wanda ya iya lissafin, amma Turancin tambayar ya sha masa kai. Wani sufeto ya taɓa ce masa ya bar yi wa takardu kwalliya.

A watan jiya aka tara mu malamai a Talata Mafara, wai masana sun zo da kwamfuta su gwada mana hanyoyin auna yara. Hanya ta farko tana haɗa komai ta ba da maki ɗaya. Ta biyu tana ware iya karatu daban, iya lissafi daban. Kwana uku suna musu ko ƙarfin yaro a fanni ɗaya yana rufe rauninsa a ɗayan, ana shan lemo, ana tafi. A ƙarshe suka yarda ta biyun ta fi faɗin gaskiya, sannan suka zaɓi ta farko, saboda fom ɗinsu gurbi ɗaya gare shi. Ban taɓa raina masu ilimi kamar ranar ba. Da Yaya na nan, da ya tambaye su ko sai da kwamfuta suka gano koren biro.

Abin bai tsaya a zauren taro ba. Da wannan makin aka hana Rabi, autar Yaya da nake riƙo a Maradun, shiga ajin kimiyya. Na karɓo takardar jarrabawarta daga makarantarsu, na karanta mata da Hausa tambayoyin da ta faɗi. Ta warware su tana tsinkar zogale. Na koma wurin shugaban makarantar.

"Ranka shi daɗe, ɗiyag ga ta san lissahi. Turanci na yak kada ta."

"Malam, na yarda," in ji shi. "Amma ina zan rubuta wannan?"

Yaya bai bar gida ba, bai bar gona ba. Bironsa yana wurina, ya bushe tuni. Na sayi sabo, na bi takardar Rabi na yi mata kore daga sama har ƙasa, na mayar ofishin. Har yau ba su kira ta ba. Ita kuwa ta daina tambayata, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.