Yis ɗin da Aka Sa wa Lantarki

Tsakiyar damina ce, masara ta yi goyo a gonakin Faskari, amma a shekarar nan hankalina bai kwanta ba. Matar ɗana tana da ciki wata bakwai, jininta ya yi ƙasa, tafin hannunta fari fat. Ƙwayar asibiti kuma da ta haɗiye sai amai.

Ana haka ɗiyata ta dawo hutu daga jami'a da wata kwalba ta gari ruwan ƙasa. Ta ce yis ne, irin wanda suke aiki a kansa, ta kawo wa matar ɗan'uwanta. Ana zuba shi a ruwa mai sinadarin ƙara jini, a sakar masa lantarki na ƙiftawar ido, sai fatarsa ta buɗe ƙananan ƙofofi, sinadarin ya shige, su rufe.

Na ce, "To wa ke tsaron ƙofar, kada wani abu ya bi bayansa?"

Ta yi dariya. "Inna, ke da kin samu boko da ƙuruciya, da kin hana malamanmu sakat."

Ni ban yi dariya ba. Na taɓa ganin akuyar maƙwabta da wayar lantarki ta faɗo mata. Na ɗauki kwalbar na bi rubutun da yatsa yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Turanci ne, kalma biyu na gane.

Shekara ashirin ina tuyar waina, na san yis mai rai. Na ɗebi ƙullu a ƙaramar ƙwarya, na barbaɗa garin, na rufe da faifai a rana. Har la'asar ko kumfa ɗaya babu.

"Kin gani? Wutar ta kashe shi. Mushe za ki ba mai ciki?"

"Haba Inna! Da gangan ake busar da shi bayan ya sha. Ba na tashin ƙullu ba ne."

Wataƙila gaskiyarta. Surukata tana zaune a kan turmi tana haki, tana kallonmu. Na cuɗa kaɗan da dusa na ba kazata, na lashi rabin cokali da kaina. Kaza ta ci gaba da tononta, ni ma ban ji komai ba. Amma daga ni har kazar babu mai ciki.

Washegari da sassafe ban hura wutar waina ba. Na ƙulle kwalbar a bakin zane, na sa ɗana ya samo mota, muka kai surukata wurin ungozomar asibitin Ƙanƙara. Na ajiye wa ungozomar kwalbar a kan tebur, na ce ta karanta mini duka, a hankali, da Hausa.