Inda Ƙugun Devane Yake

Ranar Asabar, 3 ga Mayu 1879, na fara ganin Malachi Devane. Lokacin ni ne akawun ƙungiyar besbol ta garinmu a Massachusetts. Besbol wasa ne da ɗaya ke jefa ƙwallo, abokin hamayya ya buge ta da sanda. Ya shigo ofis daga sashen rini na masaƙa, hannayensa shuɗaye har gwiwar hannu, ya ce jifa yake so ya yi mana. Manajanmu, Mista Pettibone, ya fita da shi fili ya miƙa masa ƙwallo. Jifa kaɗan ya yi, mai cafke ƙwallon ya zauna a ƙasa yana hura tafin hannunsa. Ranar aka ɗauke shi, ya bar masaƙa ko sallama bai yi ba.

A wancan zamani doka ta ce dole hannun mai jifa ya bi ta ƙasan ƙugu kafin ya saki ƙwallo. Mai sanda kuma shi ke zaɓen inda za a jefo masa, sama ko ƙasa. Devane ya tsani wannan.

"Akawu," yakan ce mini, "ni ɗan aikensa ne? Ya ce sama, in ce to yallaɓai? Gobe sai ya ce in kawo masa giya."

Ƙarfinsa duk a kafaɗa yake, saboda haka hannunsa kullum sai ya hau. Alƙalan wasa kuwa da bel suke gane ƙugu. Sai Devane ya je wurin tela ya sa aka ɗinka masa wando mai kaiwa ƙirji, ya ɗaura bel dab da hammata. Da wannan wando ya cinye mana wasannin Yuni da Yuli.

A Agusta muka karɓi baƙi daga garin da ke ƙetaren kogi. Alƙalin ranar wani tsohon malamin makaranta ne, Mista Gorham. Devane na shiga fili 'yan kallo suka ɗauki tsokana.

"Devane, wandon kakanka ka aro?"

"Ka ja shi sama kaɗan, ka huta da sayen hula!"

Mista Gorham ya yi wa Devane gargaɗin farko kan hawan hannunsa, ya yi na biyu. Na uku yana nufin an ba baƙi wasan. Mista Pettibone ya ruga fili, ni ina biye da littafin doka.

"Malachi, don Allah sauke hannun nan. In ka sa aka ƙwace wasan, ran Litinin kana bakin tukunyar rini."

Devane bai kalle shi ba. Ya juya ga alƙali. "Yallaɓai, doka ta ce ƙasan ƙugu. Ga bel, ga hannu. Ina laifin?"

"Wannan ƙirji ne, samari."

"A jikinka. Akawu, karanta mana inda littafi ya faɗi wurin da ƙuguna yake."

Na duba, na ce littafi bai faɗa ba, domin gaskiya bai faɗa ba. Mista Gorham ya ce in littafi bai faɗa ba, shi alƙali ya faɗa. Devane ya koma wurinsa, ya ɗaga hannu har saman kansa, abin da bai taɓa yi a wasa ba, ya saki ƙwallo. Mai sanda ko motsi bai yi ba. Alƙali ya ba baƙi wasan.

Da yamma Mista Pettibone ya ba shi dama ta ƙarshe, in zai yi alkawarin jifa ta ƙasa. Devane ya ce ba zai rage hannunsa don ragwaye su ji daɗi ba. Ni na cire sunansa daga ƙungiya.

Masaƙa ma bai koma ba. Ya tafi garuruwan haƙar kwal na Pennsylvania, inda ba mai damuwa da ƙugun kowa, ya yi ta jifa kusan kullum har kafaɗar ta mutu a 1883. Shekara ta zagayo, manyan ƙungiyoyi suka yarda a yi jifa ta sama. Na haɗu da shi a tashar jirgin ƙasa na ba shi labari.

"To ka rubuta, Akawu," ya ce. "Su suka zo inda nake."

Bai sake jifa ba. Ya kama tuƙin keken doki na wani kamfanin giya, da hannun hagu, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata. Ciwon huhu ya kashe shi a Fabrairun 1902.