Hoton Kaka a Gonar Citta

A shekarun saba'in, hutun Kirsimeti a ƙauyen mahaifiyarmu muke yinsa, can bayan Kwoi. Babanmu ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, ba kasafai yake samun hutu ba, sai ya sa mu a motar kasuwa tare da Mama, mu sauka a bakin hanya mu ƙarasa da ƙafa. Lokacin haƙar citta ne. Da rana a wanke ta a rafi, da yamma bayan an ci tuwon acca a zube ta a tsakar gida kusa da murhu, kowa ya ɗauki wuƙa yana tsaga ta biyu don a shanya washegari. Aikin ba wuya, amma yana sa yatsu raɗaɗi, kuma wanda ya manta ya sosa ido to ya gama aikinsa na ranar.

Kaka Saratu, uwar Mama, ita ke zama kusa da wuta a kan wata 'yar kujera da babu mai taɓa ta. Da 'ya'yanta yaren Jaba take yi. Mu jikoki 'yan Kafanchan yaren ya tsaya mana a gaisuwa, don haka da Hausa take ba mu labari, Hausar da ta koya a coci da kasuwa, wadda ba ruwanta da namiji ko mace. Akuya ya tafi, miji ya tafi, ita kanta ma wani lokaci ya tafi. Idan za ta fara sai ta tura gwaza biyu ko uku cikin toka ta ce, "Kunne ya zo kusa, hannu ya ci gaba da aiki."

Tana da tatsuniyoyin kurege da na kura kamar kowace kaka, amma wanda muka fi roƙo ba tatsuniya ba ne. Labarin hoton da ke rataye a ɗakinta ne, a saman gado, gefen kalandar coci. A hoton akwai wata mata a tsaye, ta haɗe fuska kamar an ci mata mutunci. Gefenta kujera ce, a kan kujerar kuma wani abu fari-fari kamar hayaƙi ya sa hula. Matar Kaka ce. Hayaƙin kakanmu ne, Bulus, wanda ya rasu ina goye. Babu wani hotonsa a duniya sai wannan.

Ga yadda take ba da labarin.

Kawu Yohanna, babban ɗanta, yana ƙasar Turawa karatun aikin gona. Wata rana wasiƙarsa ta iso. Idon Kaka Bulus ya riga ya yi rauni, saboda haka Mama, wadda ta zo duba su daga Kafanchan, ita ta karanta. A ƙarshen wasiƙar Yohanna ya ce a ɗauki hoton iyayensa su biyu a aiko masa. Kaka Bulus mutum ne da bai taɓa yarda ya tsaya gaban mai hoto ba, ko ranar auren 'yarsa. Ya ce Yohanna ya san fuskarsa, in ya manta ya dawo ya duba. Sai da aka yi kwana uku ana lallashi kafin ya sauko, shi ma da sharaɗi biyu. Ba zai je shago a tsayar da shi gaban labule mai zanen jirgin sama ba, a gonarsa ta citta za a yi, yaron ya ga yadda ta yi kyau bana. Kuma Malam Istifanus ne zai ɗauka, ba wani ba.

Malam Istifanus tsohon abokinsa ne, tare aka yi musu baftisma. Yana da ɗan shago kusa da tashar jirgi a Kafanchan. A lokacin samarin masu hoto sun koma ƙananan kyamarori na ratayawa a wuya, shi kuwa yana nan da nasa tsohon akwatin katako mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, wanda ya saya tun yana saurayi daga wani akawun reluwe. Akwatin ba shi da abin dannawa. Sai a cire murfin idonsa da hannu, a ƙirga, a mayar. Wanda ake ɗauka kuma kada ya motsa har a gama ƙirgar. A cikin akwatin ake wanke takardar nan take, ta wani hannun riga da aka ɗinka a gefe, a ga ko ya yi ko bai yi ba.

"Ya taho da keke," in ji Kaka, "akwati a baya, ƙafafu a ɗaure kamar itacen girki. Damina ne, rafi ya cika. Yara suka ce, Malam, sauka mu ɗauke maka. Ya ce shi ya san rafin nan tun ba a haifi ubanninsu ba. To, rafi bai san shi ba."

Keken ya kayar da shi a tsakiyar rafin. Akwatin dai ya ɗaga shi sama bai jiƙe ba, amma jakar takardun hoto ta sha ruwa. Uku kawai suka tsira, waɗanda ya manta a cikin wani gwangwani tun wani aikin. Irin takardar kuma sai an saro ta daga Jos. Ya iso gida wando na ɗiga, ya ƙi cin abinci, ya ce a yi sauri, akwai hadari a gabas.

Aka ɗauki kujera zuwa gona, don Kaka Bulus ba ya iya doguwar tsayuwa a shekarar. Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci da hula. Kaka ta ɗaura zanen zumuntar matan coci. Suka shiga tsakiyar citta, ganye har gwiwa. Malam Istifanus ya kafa akwati, ya shiga ƙarƙashin ƙyalle, ya fito, ya ce a ɗaga haɓa, ya sake shiga. Da ya cire murfi ya fara ƙirga, sai ƙafar akwatin ta baya ta fara nutsewa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa a hankali, idon akwatin yana ɗagawa sama. Da aka wanke, sai ga itacen ɗorawa cikakke, da sararin sama, da ƙoƙon hular Kaka Bulus a can ƙasa.

"Baban Yohanna ya duba, ya duba," in ji Kaka, "ya ce, Istifanus, ɗorawar nan ya yi kyau, sai dai ba shi ya haifi Yohanna ba."

A nan muke fara dariya, kowane dare, kamar ba mu taɓa ji ba.

Aka nemo duwatsu aka sa ƙarƙashin ƙafafun. Karo na biyu komai ya daidaita. Ya cire murfi, bai kai ga cewa biyu ba iskar hadari ta taso ta baya, ta ɗaga baƙin ƙyallen ta kifa shi a gaban akwatin, ya rufe idon ruf. Takardar ta fito babu kowa a kanta. Malam Istifanus ya tsaya riƙe da ita yana kallo.

Saura ɗaya. Ya ce a fita daga tsakiyar gona a koma gefe, inda ƙasa ke da tauri kuma daji ya tare iska. Ya ɗaure ƙyallen da igiyar keke. Gari ya riga ya yi duhun hadari, don haka ya ce wannan karon sai ya ƙirga har takwas, kuma ko macijiya ce ta fito kada wanda ya motsa.

Babu wanda ya dubi ƙasa. Wurin da suka koma hanyar ƙwarƙwasa ce, tururuwan nan masu tafiya a jere suna cizo, waɗanda ruwa kan fito da su. Kaka Bulus yana da takalmin roba, ya kuma ɗora ƙafafunsa a kan sandar kujera. Kaka ƙafa ba takalmi take.

"Da ya ce ɗaya, na ji su a yatsa. Da ya ce biyu, sun kai ƙwauri. Uku, sun wuce gwiwa, sun shiga inda ba a faɗa wa yara. Na ce a raina, Saratu, ko za su cinye ka, ba za ka motsa ba."

Ba ita kaɗai suka samu ba. Sun hau Malam Istifanus ma, shi kuma hannunsa ɗaya na riƙe da murfi, ɗayan na dafe da akwati, ba halin kaɗewa. Muryarsa ta fara hawa. Kaka kan kwaikwaye shi, wuƙa a hannu, kafaɗa na rawa: "Huɗu. Biyar, ya Ubangiji. Shida, wayyo Allah, Bulus kada ka motsa!" Yana faɗa yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Kaka Bulus ya daure har shida. Daga nan ya fashe da dariya, ya sunkuya, ya ɗago, ya bugi cinya, har tari ya kama shi. Murfi bai koma ba sai da aka kai takwas.

Sannan ruwa ya sauko. Aka kwashi kujera da akwati da tsoho aka yi gida a guje, Kaka tana gudu tana karkaɗe zane. A nan take tsayar da labarin. Sai ta tono gwazar daga toka ta raba mana ta ce, "Ya ƙare. Kafin ka tsaya a wuri, duba ƙasa."

Wata rana Talatu, 'yar ƙanwar Mama, ta tambaye ta me ya sa ba a sake kiran Malam Istifanus ba. Kaka ta ce, "Takarda ya ƙare," ta ci gaba da tsaga citta. Ba wanda ya sake tambaya.

Shekaru da yawa abin da na riƙe daga labarin ke nan, a duba ƙasa. Har na gama kwalejin malamai na fara koyarwa a Kagarko ban taɓa ajiye kujera a waje ban leƙa ƙarƙashinta ba.

Ragowar labarin sai bayan rasuwar Kaka na ji shi. Muna kwashe kayan ɗakinta ni da Mama, Kawu Yohanna ya shigo, ya ciro hoton daga ƙusa, ya goge gilashin da hannun riga. Na ce masa, da bai nemi hoton nan ba da ba mu da ko inuwar kakanmu. Ya dube ni ya ce, "Ni ban nemi hoto ba." Ya mayar da shi ya fita.

Mama ta zauna a bakin gado ta ba ni labarin ba tare da ta canza murya ba. Sati guda kafin wasiƙar ta zo, an kai Kaka Bulus asibitin mishan. Likita ya kira Kaka gefe ya ce ta mayar da shi gida ta ba shi duk abin da yake so, ciwon ya wuce magani, da wuya ya ga girbi. Ba ta faɗa masa ba. Ba ta bari a rubuta wa Yohanna ba, don saura masa wata shida ya gama, kuma ta san in ya ji zai bar karatun ya taho. Mama kaɗai ta faɗa wa, da Malam Istifanus. Da wasiƙar ta zo, ita ta ja Mama bayan rumbu ta ce ta ƙara maganar hoton a ƙarshe, don babu wanda tsohon ke jin maganarsa sai Yohanna. Kaka Bulus ya rasu sati biyar bayan ranar ƙwarƙwasa. Hoton da labarin rasuwar a ambulan ɗaya suka tafi, bayan Yohanna ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe.

Da ya dawo, ya je kabarin ubansa, ya kwana ɗaya, ya wuce Kaduna. Shekara biyu bai taka ƙauyen ba. Daga baya sun shirya, ya gina mata ɗaki mai kwano, yana zuwa kowace Kirsimeti, amma Mama ta ce ba ta taɓa jin su biyun sun yi maganar ba. Na tuna kuma cewa duk daren da aka roƙi labarin hoto yana gida, sai ya tashi ya ce zai duba awaki.

Na daɗe ina juya abin. Matar da ta tsaya cak ƙwarƙwasa na cin ta ta san takardar ƙarshe ce, ta san kuma babu wata damina. Mutumin da ta yi dominsa ya ɓata abin da dariya, ita kuma ta ɗauki ranar ta mai da ita abin ba yara dariya, ta yi shekaru tana ba da shi, tana tsayawa a daidai wuri ɗaya. Ban ce ƙarya ta yi mana ba. Ta ba mu abin da za mu iya ɗauka ne, ta riƙe sauran. Haka ta yi wa mijinta, haka ta yi wa ɗanta. Mu mun ji daɗin rabonmu. Kawu Yohanna ya samu takardar shaidarsa, bai yi sallama da ubansa ba, kuma ba wanda ya tambaye shi wanne ya fi so. Yanzu da na haifa na kuma yi jinya, na san yadda ɓoyewa ke zuwa wa mutum da sauƙi, tana kama da ƙauna, wataƙila ma ita ce. Har yau dai ban yanke ko Kaka ta yi daidai ba.

A ranar, muna naɗe tabarmarta, na tambayi Mama ko da ita ce a matsayin Kaka za ta yi haka. Ba ta ɗago ba. Ta ɗaure tabarmar da tsumma, ta jingine ta a bango, sannan ta ce, "Ai ni na karanta wasiƙar."