Ragon Kaka Nomau da Ba a Karya wa Ƙashi

"Kada a karya!" Duk wanda ya taɓa cin nama a gidanmu ya san wannan ihun. Ko ba lokacin Ista ba ne, ko ƙafar kaza ce, da Kaka Nomau ya ji ƙas! a bakin wani sai ya zabura da sandarsa sama. Sai ya tuna ba ranar ba ce, ya koma ya zauna yana cewa, "Ci abinka, gwajin murya nike."

Ni ce Rifkatu jikarsa, wadda yake kira amarya. An ce in rubuta wani abu a karanta a taron tunawa da shi. Kun san ba ni da doguwar gaisuwa, wanda ban gaida ba ya yi haƙuri. Zan faɗi abin dariya, zan kuma faɗi yadda bana Kawu Bulus ya so ya sa wa ragon Kaka gatari. Kawu, kai ka ce in rubuta, sai ka daure.

Ga baƙin da ba su sani ba: kowace shekara, ranar Alhamis ta kafin Ista, Kaka kan yanka rago a gasa shi ɗungurungum, ya yi mana Idin Ƙetarewa a tsakar gida. Ba coci ce ta sa shi ba. Fastoci sun zo sun tafi, kowanne ya gwada yi masa magana ya haƙura. Ana ci ne a tsaye, da takalmi a ƙafa, kowa da karan dawa a hannu a madadin sanda, kuma da sauri kamar ana korar mutum.

Ina 'yar firamare, an tsai da mu cikin zafin bazara, gumi har cikin takalmi, sai na ce, "Kaka, wai dan Allah miye amfanin wannan wahalar?"

Inna ta ɗaga hannu za ta make ni. Sai ga tsoho ya yi tsalle! Tsalle fa na gaske, har hularsa ta faɗi.

"Ku bar ta! Ta tambaya! Shekara da shekaru nike ciyar da kurame, yau an samu mai baki! Ai a rubuce yake, 'ya'ya za su tambaya, sannan a ba su amsa. Amarya, matso."

Ya ce a Masar Isra'ilawa bayi ne wurin Fir'auna. Allah ya ce wa Musa kowane gida ya sami rago marar aibi, a yanka, a shafa jinin a dogaran ƙofa. Mutuwa in ta zo ta ga jini sai ta ƙetare gidan. Naman a gasa, a ci a shirye don tafiya, amma ko ƙashi ɗaya kada a karya.

"To, amarya, wa kika sani marar aibi da aka kashe a lokacin idin nan? Aka karya ƙafafun na damanshi, aka karya na hagunshi, aka zo kanshi aka tsaya?"

Na ce, "Yesu."

"Yo to! Tun zamanin Musa ake zana hoton Almasihu da rago, mutane suna ci suna suɗe hannu ba su gane ba!"

Daga ranar na sami aikin da ban nema ba. Kowace shekara sai na yi tambayar kafin a sa loma. Wata shekara, ina sakandare, na ga na girma, na rusuna na ce, "Kaka, ko za a bayyana mana ma'anar wannan idi?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wa ya aiko wannan? Maimaita da rashin kunyarki ta gado."

Sayen ragon kuwa, wayyo Jauro Buba! Jauro bafulatani ne da ke kawo dabbobi kasuwar Batsari, abokin wasan Kaka tun suna samari. Na taɓa raka Kaka, ban ƙara ba. Ya buɗe bakin rago ya duba haƙori, ya duba ido, ya ɗaga kofato, ya leƙa ƙarƙashin wutsiya. Wannan an tsaga masa kunne. Wancan yana tari. Wani kuma wai kallonsa bai yi masa ba.

Jauro ya ce, "Kai Kaɗo, ko liman da zai yi layya bai yi mani wannan binciken ba. Sayen shi za ka yi ko ɗiya za ka ba shi?"

Can aka kawo wani fari tas, ba tabo ba ɗigo. Kaka ya sunkuya yana murna, ragon ya ja da baya ya tunkuye shi a gwiwa, sai ga tsoho zaune cikin kashin awaki. Kasuwa ta ɗauki dariya. Ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "A mai da shi. Wanda nike wa hoto an kai shi mayanka bai ce uffan ba. Wannan ɗan dambe ne."

Tun daga nan Jauro kan ware ɗan rago mai sanyin hali tun yana shan nono, ya hana yaransa tsaga masa kunne. A ruga ma sunansa ragon Nomau.

Sai maganar waina. Kun san Iya Saratu, matarsa, kakarmu. Wainarta har daga Wagini ake aiko babur a saya. To, ranar idi Kaka ya ce ba yisti a gidansa, don Isra'ilawa sun fita ba su jira ƙulli ya tashi ba. Da sassafe zai bi ɗaki ɗaki yana shinshina ƙwarya. Ƙullin da ya kwana ya tashi, a kai maƙwabta. Na ranar kuwa a niƙa a soya nan take. Jama'a, abin da ke fitowa daga tandar nan, in ka jefi kare da shi sai an biya diyya. Karen gidanmu ma ya taɓa ɗauka, ya kai bakin zaure ya ajiye ya dawo.

Iya ta ce, "Malam, sunana kake ɓatawa a garin nan."

Ya ce, "Yisti kumburi ne, Saratu. Wanda ya zo cetonmu ba shi da kumburin kai ko kaɗan."

"Na ji. Kai kuma da taurin kai, da wane ƙulli aka yi ka?"

Ga shuwaka, wadda ya hana a wanke ɗacinta, wai mu ɗanɗani ɗacin bauta. Kowa sai ya tauna Kaka na kallo. Iya kaɗai ke ƙi. In ya miƙa mata sai ta ce, "Ni na auri ɗacin, ba sai na tauna ba."

Yanzu Yaya Yohanna, ka sunkuyar da kai, an zo kanka. Shekarar da ya fara zuwa daga wajen Safana neman Yaya Hannatu, ya faɗo daidai ranar idi, da sabon yadi da turare. Kowa ya ɗauka wani ya gargaɗe shi. Aka yanko masa cinya don girmamawa. Ya cinye tsoka, ya juya ƙashin, ya sa turame. Ƙas! Sannan ya zuƙe ɓargon, fuuut, har da lumshe ido.

Yaya Hannatu ta saki karan hannunta. Kaka ya tako a hankali, ya tsaya gabansa, ya ce, "Samari, sojan Roma da mashi a hannu bai yi abin da ka yi ba."

Ya sa aka kawo tsinken kara da tsumma, Yaya Yohanna ya durƙusa da sabon yadinsa ya yi wa ƙashin ɗori, kamar yadda ake wa yaron da ya faɗo daga mangwaro. Kuma ba a karɓi gaisuwar iyayensa ba sai da ya zo ya ba da labarin Masar tun daga Fir'auna har gicciye, ba tuntuɓe. 'Ya'yansu uku yanzu, amma har yau in ya shigo yara na cewa ga Sojan Roma.

Takalman nan kuwa sun taɓa yin rana. Kun san halin da yankinmu ke ciki, ƙarar babura da yawa ba abin wasa ba ce. Wata shekara muna tsakiyar ci da la'asar, sai ihu daga bakin gari: "Ga su nan! Ga su nan!" Gari ya watse. Mata da goyo, maza ba hula, kowa ƙafa ba takalmi cikin ƙaya. Mu kaɗai muka fito a shirye tsaf, har da sanduna. Kaka na gaba da tiren rago a ka, don kada karnuka su karya ƙashi, yana gudu yana kiran maƙwabcinmu, "Malam Iro! Na faɗa maka ko ban faɗa maka ba?"

Malam Iro mahauci, wanda ke yanka mana ragon kowace shekara don maƙwabta Musulmi su ma su ci, yana tsalle da ƙafa ɗaya yana cire ƙaya, ya ce, "Nomau, ka bari mu tsira tukuna ka yi wa'azin!"

Ashe 'yan rakiyar amarya ne suka ɓata hanya. Da aka dawo ana haki, Babana ya ce lallai yau takalmi ya yi amfani. Kaka ya ce, "Takalmi na gudu ne kawai. Ba gudu ya fid da su daga Masar ba, jini ne."

Mutum ɗaya ne bai taɓa dariyar idin nan ba: Kawu Bulus, ƙanen babana. Shi abin na ci masa rai da gaske. A kasuwar hatsi ana yi masa gori, a coci ma wasu na cewa gidan Nomau sun koma yanke-yanken kakanni. Ya taɓa cewa, "Baba, Yesu ya gama hadaya. Mutane na cewa tsafi muke."

Kaka ya ce, "Wa ya ce hadaya nike? Ka taɓa ganin na shafa jini a ƙofa? Wancan an shafa an gama. In ka ga inuwar mutum a bakin zaure, ka san mai ita na tafe. Ragon nan inuwa ce."

"To ai mai inuwar ya iso, Baba. Me za mu yi da inuwa?"

"Kai ka san ya iso. Jikokina fa? Yaro ba ya riƙe wa'azi, amma ba ya manta abin da ya tauna."

Bana, Kaka ya riga ya karɓo ragonsa wurin Jauro, sai ya hau gyaran jinkar rumbu, tsoho da shi, an hana shi ya ƙi. Ya faɗo. Aka kai shi Batsari, aka wuce da shi Katsina, aka ɗauki hoto. Likita ya ce jiki ya bugu ƙwarai, amma ba karaya. Kaka da ko juyi ba ya iyawa ya ɗaga yatsa: "Kun ji? Ba a karya ba!"

Fasto na gefen gado ya ce, "Baba, a dai tuna, ba kai ne Ragon ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Na sani, ɗana. Ni ina daga cikin ɗaki. Jinin na bakin ƙofa."

Bai ƙara tashi ba. Ya rasu saura 'yan makonni Ista, ragon na ɗaure bayan rumbun yana cin harawa.

Kawu ya tara mu ya ce magana ta ƙare. Za a yanka ragon ranar Alhamis, a sassara, a dafa da shinkafa a raba wa masu zuwa gaisuwa, daga nan an rufe. Na yi masifa har muryata ta dushe. Ya ce, "Ke yarinya ce, ba ke ake wa gori ba." Babana ya bar wa Kawu, shi dama ba ya son rigima.

Alhamis ta zo. Malam Iro ya yanka ya feɗe, ya ce shi bai zo da gatari ba, ya saba gidan nan ba a nemansa. Kawu ya ɗauko na faskare, ya miƙa wa Yaya Yohanna. Yaya Yohanna ya mai da hannuwansa baya ya ce, "Ni? Kuma?"

Kawu ya ce to shi zai yi. Ya ɗora cinyar a kan kututture, ya ɗaga gatari. Sai muka ji ƙarar takalmi. Iya Saratu ce ta fito daga ɗakin da take zaman makoki, takalmi a ƙafa, sandar Kaka a hannu, da faifan wainar nan mai kashe kare. Ta tsaya inda take tsayawa kowace shekara, ta ɗauki ganyen shuwaka ta sa a baki, ta tauna.

Gatari na sama. Kowa ya yi tsit irin shirun da ake yi kafin in yi tambaya, ni kuwa bakina bai san wani abu ba sai aikinsa. Na ce, da rashin kunyata ta gado, "Kawu, wai dan Allah miye amfanin wannan wahalar?"

Kawu ya sauke gatarin a hankali, ya jingine shi da rumbu. Ya ce, "A Masar..." Jama'a, tiryan-tiryan! Mutumin da muka ɗauka toshe kunne yake yi duk shekarun nan. Ya kawo Musa, ya kawo ƙofa, ya kawo jini. Da ya iso wurin ƙafafun na dama da na hagu, sai ya tsaya. Ya share fuska da hannun riga, ya juya ga Malam Iro ya ce, "A hura wuta. Kada a karya."

Mun ci a tsaye. Wainar ta fi ta kowace shekara tauri, ba wanda ya bar ko gutsure.

Ya Ubangiji, ga bawanka Nomau, ya taho maka da takalminsa a ƙafa. Ba da wayonsa ya dogara ba, ba da ragon Jauro ba, da jinin Ɗan Ragonka ya dogara. Ka karɓe shi, ka zaunar da shi, ya daɗe yana ci a tsaye. Ka riƙe Iya. Ka sa masifa ta ga gidajen garinmu, namu da na maƙwabtanmu, ta ƙetare. Angona, sai mun zo. Amin.