Gishirin da aka saya kafin rasuwar Baba Dharamnath

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, da hantsi, aka tarar da kai a zaune ƙarƙashin bishiyar ɓaure, ƙafafu a harɗe, numfashi ya tafi. Kai ne yayan kakata, wanda ya bar gida yana saurayi, aka tsaga masa kunnuwa aka sa manyan zobba, ya zama mai yoga, cikin masu gudun duniya.

Baba, kai kaɗai ba ka taɓa ƙwace mini littafin soyayya ba. Na taɓa tambayarka, kaina a ƙasa, ko wata ce ta ƙi ka har ka shiga duniya. Ka yi dariya har zobbanka suka girgiza, ka ce, "Ke 'yar nan, da wannan fuskar? Ni na gudu tun kafin a ƙi ni." Ka koya mini zama shiru in bi numfashina. Ka ce mutanen farko a kogo da makabarta suka yi wannan aikin don su ladabtar da zuciya, kuma daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi yake tafiya. Kullum burinka a kwantar da kai kusa da naka malamin a kan tudu.

Sai ga Lokesh, mai makarantar yoga ta baƙi a bakin kogin Ganga, ya fara zuwa da ayaba da murya mai laushi. A littattafaina irin wannan muryar ba ta zuwa a banza. Yana gaya wa Turawa kai ne malaminsa, alhali ko sau ɗaya ban ga ka raɗa masa komai ba.

Irinku ba a ƙone gawarku kamar ta sauran mutanenmu. A zaune ake binne ku, a cika ramin da gishiri. To, tun kana da ƙarfinka na ga ana sauke buhunan gishiri a harabar makarantarsa. Da ka rasu, shi ne ya fara cewa ka yi masa wasiyya a binne ka can, inda baƙi za su riƙa ziyara.

Ni da ko gaisuwa muryata rawa take, na gaya wa Kaka abin da na gani. Da ya zo gidanmu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Lokesh, ɗana, yaushe ka fara sayar da gishiri? Ko kuwa jira kake?" Daga nan bai sake ta da zancen wasiyya ba. Ban ce ya yi maka wani abu ba, Baba. Ban sani ba, kuma rashin sanin ne ke damuna.

Mun kai ka tudu, gefen malaminka, da gishirin da maƙwabta suka tara kofi-kofi.

Ubangiji Shiva ya karɓe ka, ya kwance maka igiyar dawowa duniya ta sake haihuwa, ya ba ka natsuwar da ka nema. Ina yi wa Kaka da 'yan'uwanka masu zobba ta'aziyya. Lokesh kuwa ban yi masa ba, don har yau ban tabbatar ya yi rashi ba.